Masu Ta Da Tsofaffin Injunan Jet: Wauta Ce Ko Hikima?

Ran nan da dare, bayan an tashi daga karatu, muna zaune a bakin ɗakin kwana muna shan iska, sai wani abokinmu ya nuna mana hoton wani dattijo a Ingila. Ga shi tsaye a bayan gidansa ya toshe kunnuwa, gabansa kuwa ga wani tulin ƙarfe an ɗaure a kan amalanke, yana ta aman wuta. Aka ce injin jirgin saman yaƙi ne na dā, ya saye shi wurin masu cinikin tsofaffin ƙarafa, ya yi shekaru yana gyaransa da hannunsa har ya tashi. Ba shi da jirgin da zai ɗaura wa shi, ba kuwa mai biyansa ko anini. Duk muka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wannan ƙoshi ne ya yi masa yawa." Wani ya ce, "Ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Ni ma na yi dariyar tare da su. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai, na yi kwanaki ina bin labarin waɗannan mutane da irin injunan da su ke gyarawa. Yanzu ra'ayina ya sake, shi ya sa na roƙi fili a wannan mujalla tamu in faɗa wa 'yan'uwa da malamaina abin da na gani. A ganina aikin nan yana da daraja ƙwarai, muddin mai yinsa ya cika waɗansu sharuɗɗa uku da zan ambata a ƙarshe.

Kafin mu yanke wa mutum hukunci, ya kamata mu san abin da ya ke gyarawa. Injin da a ke magana shi ne wanda Turawa ke kira tabojet, watau kakan injunan jet na yanzu. Aikinsa huɗu ne, suna bin juna ba tsayawa. Da fari ya zuƙi iska ta baki. Sa'an nan wata farfela ta matse iskar ƙwarai, kamar yadda zugazugin maƙeri ke yi. Daga nan iskar ta shiga waɗansu tukwanen ƙarfe inda a ke fesa mata kananzir a kunna, irin wutar risho mai gurnani, amma ninkin ba ninkin. Iskar da ta yi zafi sai ta kumbura ta nemi hanyar fita, ta fice ta baya da gudu, injin kuwa ya turu gaba, kamar dai yadda bindiga ke naushin kafaɗar maharbi in harsashi ya fita. Babbar dabarar ita ce wannan: a kan hanyar fitar iskar an tare ta da wata farfela ta biyu. Iskar tana juya ta, ita kuma tana haɗe da farfelar gaba da sandar ƙarfe guda, saboda haka injin da kansa ya ke yi wa kansa zuga. Fiye da rabin ƙarfin wutar wurin juya farfelar gaba ya ke tafiya. Har wa yau, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na iskar da ya zuƙa ke shiga wuta, saura aikinta sanyaya tukwanen don kada su narke.

Wanda ya fara yin rajistar wannan dabara a Ingila wani matashin hafsan mayaƙan sama ne, Frank Whittle, cikin 1930, yana da shekara 22, watau sa'anmu ne a lokacin. Manyansa ba su kula shi ba, har rajistar ta mutu cikin 1935 don ya rasa fam 5 na sabuntawa. Duk da haka bai fid da rai ba, injinsa ya tashi ran 12 ga Afrilu, 1937. A Jamus kuma wani saurayi, Hans von Ohain, yana nasa aikin dabam, jirgin da ke ɗauke da injinsa, Heinkel He 178, shi ya fara tashi sama, ran 27 ga Agusta, 1939, saura 'yan kwanaki a fara Yaƙin Duniya na Biyu. Na Ingila, Gloster E.28/39, bai tashi ba sai ran 15 ga Mayu, 1941. Daga nan injunan suka rabu gida biyu. Irin na Whittle, kamar Rolls-Royce Derwent na jirgin Meteor da de Havilland Goblin na jirgin Vampire, farfelarsu ta gaba faifai guda ce mai wurga iska gefe kamar majajjawa. Irin na biyu, kamar Junkers Jumo 004 na Jamus, farfeloli ne jere, guda takwas, kowace tana miƙa wa ta bayanta iska. Bayan da zamaninsu ya wuce aka sayar da da yawa daga cikinsu a bakin nauyin ƙarfe, ta nan su ke faɗawa hannun masu sha'awa.

To, mai karatu, ka ɗauka kai ne ka sayi irin wannan inji. Kada ka zaci da ka kawo shi gida sai ka ɗauki sufana. Aikin farko neman takardu ne: littafin da maƙeransa suka rubuta na yadda a ke kwance shi da ɗaure shi, da littafin tarihinsa wanda a ke rubuta kowace sa'a da ya yi yana aiki. Sau da yawa na biyun ya ɓace, sai mai gyara ya ɗauka kowane abu a ciki ya gaji har sai ya tabbatar da lafiyarsa. Sa'an nan a shiga kwancewa. Notin da ya yi shekara hamsin bai motsa ba, ba a yi masa ƙarfi. A kan jiƙa shi da mai a bar shi kwana da kwanaki. Kowane noti da kowane bututu a sa shi cikin jakarsa, a rubuta inda ya fito. A ciki za a tarar robobin da ke hana yoyo sun bushe sun tsattsage, tsohon mai ya daskare ya zama ƙaro a cikin famfo, boris ya yi tsatsa, wani lokaci ma ɓeraye da tsuntsaye sun yi gida. Waɗansu sassan jikin injin da ƙarfen maganiziyam aka yi su don rashin nauyi, shi kuwa in ya sha laima sai ya riƙa zama farin gari.

Abin da ya fi wuya shi ne fukafukan farfelar baya, waɗanda ke zaune cikin wuta. Zafi da juyi su kan sa su miƙe kaɗan kaɗan, su kan kuma tsage, tsagar da ido ba ya gani. Akwai wani jan rini da a ke shafa musu, a goge, a fesa farin gari. In akwai tsaga, rinin da ya shige ciki sai ya fito ya zana ta kamar zare. Haka za a bi su ɗaya ɗaya. Bayan wannan sai daidaita nauyi, a nan ne na ke so masu son lissafi su ɗauki alli. Injin Derwent 8 in ya kai iyakar ƙarfinsa yana juyi wajen sau 14,700 a minti, watau sau 245 cikin daƙiƙa guda. In aka sami fifikon nauyi na giram ɗaya tak a gefe guda, nisan santimita 20 daga tsakiya, to a wannan gudu giram ɗin nan zai riƙa fisgar sandar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 48, kusan buhun siminti, yana kuma sake fuska sau 245 a daƙiƙa. Wanda ya gane wannan ba zai sake cewa mai gyaran nan wasan yara ya ke yi ba.

Ranar tayarwa kuwa ita ce ranar jarrabawa. Wani ƙaramin inji mai aiki da batir ya fara juya sandar har iska ta wadata, a kunna tartsatsi, sa'an nan a buɗe mai. Idon mai gyara yana kan ma'aunin zafi, hannunsa yana kan makashin mai. In mai ya taru a ciki kafin wuta ta kama, ko juyin bai isa ba, sai zafin ya haura nan da nan, cikin 'yan daƙiƙoƙi fukafukan da aka yi shekara ana duba su ƙone. Tsalle ɗaya a ke yi a faɗa rijiya.

Ina amfanin wannan wahala duka? Amsata ita ce, akwai ilmin da takarda ba ta iya riƙewa. Littafi zai gaya maka ka ɗaure noti har kaza, amma ba zai gaya maka yadda hannu ke ji in zaren notin ya kusa cinyewa ba, ko yadda muryar inji ke sakewa in boris ya fara ciwo. Wannan ilmi a hannu da kunne ya ke zaune, daga mutum ya ke wucewa zuwa mutum. Waɗanda suka ƙago injunan nan duk sun riga mu gidan gaskiya: Anselm Franz mai Jumo 004 cikin 1994, Whittle cikin 1996, von Ohain cikin 1998. Makanikan da suka yi musu hidima a filayen jirage su ma ƙarewa su ke yi. In ba wanda ya zauna kusa da na ƙarshensu ya koya, ya kuma gwada da hannunsa, to nan gaba za a sami injin a gidan tarihi, an goge shi yana ƙyalli, ba kuwa mai iya faɗin dalilin da ya sa aka lanƙwasa wannan bututu haka.

Ga misali. Kowa ya karanta tarihin yaƙin nan zai ga an ce injin Jumo 004 ba shi da ƙarko. Gaskiya ne. An ƙera wajen 8,000, shi ne kuma ke tura jirgin Messerschmitt Me 262, wanda ya fara tashi da shi ran 18 ga Yuli, 1942, amma tsakanin sa'a 10 zuwa 25 na aiki sai ya gaji. Mai karatu kaɗai zai ce maƙeransa ba su iya ba. Wanda ya kwance shi kuwa wani abu dabam zai gani. Ingilishi suna da wani gaurayen ƙarfe mai yawan nikel, sunansa Nimonic, wanda ke jure wuta. Jamusawa yaƙi ya toshe musu hanyar samun nikel da kobal da kuromiyam yadda su ke bukata. Sai suka yi tukwanen wutar da ƙarfe na yau da kullum suka lulluɓe shi da alminiyam, suka kuma yi fukafukan farfelar baya da rami a ciki, iska mai sanyi tana ratsawa. Wannan dabara ta sanyaya fukafukai da iska, wadda rashi ya tilasta musu, har yanzu da ita injunan jet ke aiki. A hancin injin kuma suka ɓoye wani ɗan inji mai fistin biyu, ƙirar Riedel, da zobe na ja kamar igiyar janareto, don a iya tayar da shi ko a filin da ba kayan aiki. Ban faɗi wannan don yabon mulkin da ya sa aka yi shi ba, gama mulkin zalunci ne, har da fursunoni da mutanen da aka tilasta a cikin masu ƙera jiragen. Wannan ma yana cikin abin da ya wajaba mai gyara ya sani, ya kuma faɗa wa masu zuwa kallo. Abin da na ke nufi shi ne, ƙarfen da kansa yana ba da labarin halin da aka yi shi a ciki, gani kuwa ya kori ji.

Yanzu bari in juyo ga masu suka, don maganarsu ba ta banza ba ce. Suka ta farko ita ce ɓarnar dukiya. Lalle injin nan maci ne: Derwent in an buɗe masa wuta duka ya kan sha kusan garwa biyu ta kananzir kowane minti. Amma mai shi ba kullum ya ke tayar da shi ba, 'yan mintoci ne sau kaɗan a shekara. Mu da mu ke ganin mutum ya shekara yana ciyar da doki dawa da harawa don hawan kwana biyu ko uku, mu kuma yaba masa don ya riƙe abin gado, bai kamata mu yi saurin dariya ba.

Suka ta biyu ita ce haɗari, ita kuwa na yarda da ita ɗungum. Bakin injin yana iya zuƙe hula ko sufana, har da mutum in ya matso. Iskar bayansa tana ƙona abin da ta tarar, ƙararsa tana kurmantarwa. In faifan farfela ya fashe, gutsattsarinsa su kan huda jikin injin su fita gefe kamar harsashi. A jikin waɗansu tsofaffin akwai asbesto mai lalata huhu, akwatin tartsatsin kuma ya kan riƙe wutar lantarki mai iya kisa ko bayan an kashe shi. Akwai wani Ba'amurke, Art Arfons, mutumin Akron ta jihar Ohayo, wanda ya sayi injin General Electric J79 da ya lalace wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ya nemi littafinsa aka hana shi, don a lokacin asirin soja ne. Ya gyara shi da basirarsa, ya ɗaura a motarsa Green Monster, ya yi gudun mil 576 a sa'a a filin gishiri na Bonneville cikin Nuwamba 1965, gudun da ba motar da ta taɓa yi kafin ranar. Gwaninta kam ya gwada ta. Amma gwajin farko a bayan gidansa ya yi shi, ya ɗaure injin jikin itatuwa, ga maƙwabta kewaye. Wannan kam ba abin koyi ba ne. Mutum yana da ikon sayar da ransa don sha'awarsa, ba shi da ikon sayar da na maƙwabcinsa.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi, daga masu kula da gidajen tarihi ta ke fitowa. Su kan ce, duk sa'ad da ka tayar da tsohon inji kana cin sauran ransa ne, duk kuma abin da ka musanya a ciki ka rage gaskiyarsa. In ka sake rabin kayansa, shin tsohon ne ko sabo? Jirgin Me 262 ya nuna mana hanyoyin da mutane suka bi. Waɗansu a Amurka suka ƙera sababbin jirage masu kamarsa, na farko ya tashi cikin Disamba 2002, amma injin General Electric CJ610 suka sa a ciki. Siffar ta dā ce, muryar ba ita ba ce. Attajirin nan Paul Allen kuwa, mai tara tsofaffin jiragen yaƙi a garin Everett, ya sa aka gyara jirgi na ainihi da injunansa Jumo na ainihi, sai dai sassan da ke shan wuta aka sake ƙera su da ƙarfe mafi ƙarko. Shi bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu cikin 2018, jirgin kuwa ya yi tafiya a ƙasa da ƙarfin kansa cikin 2019. A ganina wannan hanya ta biyu ita ce daidai, in dai an adana sassan da aka cire, an kuma rubuta abin da aka sake.

Amma ban ce kowane inji a tayar da shi ba. Abin da ya ke shi kaɗai ne a duniya, kamar Gloster E.28/39 na farko da ke ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan, a bar shi ya huta, don in ya ƙone ba na biyu. Wanda aka ƙera dubbai kuwa, ana da na ajiya a wurare da yawa, ba laifi a bar waɗansu su yi magana. Kada kuma a zaci ajiya ita ce tsira: Heinkel He 178 a gidan tarihi ya ke a Balin sa'ad da bama-bamai suka hallaka shi cikin 1943. Yawan hannuwan da ke riƙe da abu, a wurare dabam dabam, shi ne babban tsaronsa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Bluebird K7, jirgin ruwa mai injin jet wanda Donald Campbell ya mutu a cikinsa a tafkin Coniston na Ingila ran 4 ga Janairu, 1967, yana neman wuce mil 300 a sa'a. Tarkacen ya shekara 34 a ƙarƙashin ruwa, sai cikin 2001 wani mai nutso, Bill Smith, da abokansa suka tsamo shi. 'Yan sa kai ne suka yi shekara da shekaru suna miƙe lanƙwasassun ƙarafansa, suna mayar da duk abin da zai mayu, suka samo wani injin Bristol Siddeley Orpheus irin nasa suka gyara suka ɗaura. Cikin Agusta 2018 ya sake gudu a kan ruwa a wani tafki na Sikotilan. Daga baya aka yi jayayya mai tsawo a kan wa zai riƙe shi, kafin a mayar da shi gidan tarihin Ruskin a Coniston cikin Maris 2024. Darasi biyu ke nan a labari guda: ƙarfe ɗaya ba ya amo, sa'an nan tun kafin a kwance noti na farko ya kamata a rubuta wa ke da abu, ina kuma zai zauna in an gama.

Ga sharuɗɗan da na yi alkawari. Na ɗaya, mai gyara ya tsare ran mutane: ya tayar da injinsa a fili nesa da gidaje, a kan gindi mai ƙarfi, kada kowa ya tsaya daura da farfela, ga abin kashe gobara a kusa, ya kuma nemi wanda ya fi shi sani ya duba aikinsa. Na biyu, ya yi gaskiya ga tarihi: ya rubuta duk abin da ya sake, ya adana tsohon, kada ya ce wa mai kallo sabon ƙarfe na 1945 ne. Na uku, kada ya rufe ƙofa: ya jawo yara da samari su riƙe masa sufana, su yi tambaya. Wanda ya cika ukun nan ya yi wa na baya hidima. Wanda ya tsaya ga son ƙara da aman wuta don a yi masa tafi, shi ne ya cancanci dariyar da muka yi ran nan.

Ban rubuta wannan don wani cikinmu ya tashi neman injin jet ba. Amma halin da ke sa mutum ya zauna gaban mataccen inji ya ce sai ya san abin da ya kashe shi, halin nan ba ya bukatar jirgin sama. Akwai tsohon keken ɗinki a ɗakin iyayenmu, akwai agogon bango da ya tsaya, akwai injin niƙa da aka jingine bayan gida don wani ƙarfe guda ya karye. Abokina mai maganar bara da bana, ga amsarka: da tsohuwar zuma a ke magani. In kuwa har yanzu kana kan bakanka, ko wani cikin malamanmu yana da abin gyara a maganata, ga fili a fitowa ta gaba.

Haza wasalam.